Kular da Mma Zuera Ta Mayar

Mma Zuera ta fi shekara talatin tana sayar da wake da shinkafa a bakin lungunmu na Maamobi, ni kuwa maƙwabcinta ne tun ranar da mijinta, marigayi Idrisu direba, ya kawo ta gidan hayar da muke ciki. Daga Bawku ta zo Accra tana yarinya, riƙe da bakin zanen gwaggonta. Ta yi dako a tashar Circle, a can Idrisu ya gan ta. Da ya rasu, 'ya'ya huɗu ya bar mata da babbar tukunya guda, da tukunyar kuma ta raine su.

Abu biyu aka san ta da su. Na ɗaya shito, wato yajin nan da ake soyawa da mai da garin kifi har ya yi baƙi. Nata, in ya taɓa farar riga, sai dai a yi wa rigar ta'aziyya. Na biyu amana. Direban da zai yi doguwar tafiya wurinta yake barin makullin ɗakinsa. Matar da za ta je gida arewa ita take ba wa ajiyar sarƙarta. Ba a taɓa jin ko allura ta yi ƙafa a hannunta ba, kuma da wannan take taƙama, fiye da girkinta ma.

Ni sunana Osumanu, amma kowa Ticha yake ce mini, ko da yake na daɗe da ajiye alli. Makarantar mishan na yi, inda Fada ya koya mana rubutu da rula a bayan hannu. Har gobe da alƙalamin tawada nake rubutu. Na ga zamanin da ake naɗe saƙo a takarda mai kauri, a ɗaure da igiya, a ɗiga jan kaki a kan ƙullin, ya tashi daga Accra ya isa Tamale ko kusurwarsa ba ta lotsa ba. Ina yawan faɗin haka, har yaran gida sun haddace.

Bara, gab da azumi, kular da take zuba abinci ta tsage. Hamdia, 'yar ƙanenta da ke ɗinki a Nima, ta nuna mata wata a waya, a shagon intanet, ƙatuwa kamar a yi wa jariri wanka a ciki. Aka saya. Da aka kawo, sai ga ta ba ta kai rabin ta hoton ba, murfin ma ba ya zama. Ƙa'idar shagon ita ce a mayar ta hannun wani kamfanin aika kaya da su suka zaɓa, su kuma su musanya. Hamdia ɗinkin Salla ya sha mata kai, saboda haka aka ce Ticha ya san harkar saƙo. Ban musa ba.

Da Mma Zuera ta kawo mini kular, na ji ta da nauyi. Na buɗe, na tarar da kwalbar shito cike fal, da soyayyen kifi a ƙunshe. Na tambaye ta wannan fa.

"Ticha, yaushe aka taɓa mayar da kwano fanko?" in ji ta. "Mutanen nan da kyakkyawar niyya suka aiko da kayansu. Ga shi na ƙi, sannan in mayar musu haka ƙwam? Ai sai su ce mu matan unguwar zongo ba mu da tarbiyya."

A nan ne ya kamata ilimina ya yi aiki. Maimakon haka sai ƙirjina ya cika da alfahari, na tuna mahaifiyata da ko gishiri ta ara sai ta mayar da kwanon da ɗan gyaɗa a ciki. Gyaran da na yi kawai shi ne na naɗe kwalbar da tsohuwar jarida. Na saka kular a kwali, na ɗaure da igiya, na rubuta adireshin shagon da hannun da Fada ya sha yabawa. A ofishin kamfanin, wata ma'aikaciya ta tambaye ni me ke ciki. Na ce kula ce, kuma ban yi ƙarya ba. Ta manna takardarsu a jikin kwalin, ta ba ni rasit.

Azumi ya wuce, Salla ta wuce, shiru. Sai ga saƙo a wayar Hamdia cewa kaya ba su iso ba, don haka shagon ya ɗauka har yanzu suna hannun mai saye. Hamdia ta karanta shi da ƙarfi a bakin famfo, tsakar gida cike da mata. Kafin magariba maganar ta kai bakin titi, ta zama wai Mma Zuera ta riƙe wa 'yan intanet kayansu. Ba wanda ya faɗa a gabanta. Amma wata 'yar haya ta zo ta karɓi 'yan kunnenta da ke ajiye, wai za ta je biki, bikin da babu wanda ya ji labarinsa. Daga ranar Mma Zuera ta daina wasa da masu sayen abinci. Ta ce mini ita ba sabuwar kula take so ba, so take su faɗa da bakinsu cewa ta mayar.

Na ɗaura ɗamara. Hujjata ita ce, wanda ya miƙa kaya ga mai ɗaukar da shago ya zaɓa, ya kuma karɓi rasit, ya sauke nauyinsa. Abin da ya ɓata a hanya, tsakanin shago ne da ɗan aikensa. Har yau a kan wannan nake. Na zuba ta a doguwar wasiƙar Turanci, Hamdia ta ɗauki hotonta ta tura. Amsar da ta dawo na'ura ce ta rubuta: hoton fuska mai murmushi, da tambayar ko na gamsu da hidimarsu. Da muka samu mutum a waya, shago ya ce a tambayi kamfani, kamfani ya ce a tambayi shago. Da ƙyar wata ma'aikaciyar kamfanin ta gaji da muryata ta ce mu je babban ɗakin ajiyarsu da ke bayan Circle.

Na sa kwat da taye, muka hau motar haya, trotro, ni da Mma Zuera. Mai kula da ɗakin ajiyar wani ƙaton mutum ne mai sanyin murya, sunansa Moro. Na aza masa rasit a tebur, na yi masa jawabi a kan sakaci, da haƙƙin mai saye, da yadda ake riƙe saƙon mutane a zamaninmu. Na kawo batun jan kaki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce akwai wani lungu da suke tara kayan da ba su da suna, mu zo mu duba.

Ba mu kai lungun ba hancinmu ya riga mu. Na dubi Mma Zuera, ta dube ni. Can gefe, a kan guntun katako, nesa da sauran kaya kamar mai cutar da ake gudu, ga kwalinmu. Ya yi baƙi ƙirin yana naso. Mai ya ci gam ɗin takardar kamfani ta faɗi, ba a san inda ta yi ba. Rubutuna kuwa ya nutse gaba ɗaya, wutsiyar harafi ɗaya kawai ta tsira. Igiyata dai tana nan daram, wannan kam a rubuta mini.

"Ashe ku ne," in ji Moro. Ya ce ya daɗe yana roƙon Allah ya nuna masa mai wannan kwali, don tun a kan babur ɗin ɗan aike mai ya fara tsiyaya daga cikinsa, ya shafi kayan mutane. Ya sake duba rasit ɗin. "Baba, nan an rubuta kula. Wa ya ce kula ce kawai?"

Na tsaya ina nazarin rufin ɗakin, wanda aka yi da kwano mai kyau.

Mma Zuera ko a jikinta. Fuskarta ma washewa ta yi. Ta ba shi haƙuri a kan kayan mutane, ta faɗa masa abin da ta zuba a kular, ta ce laifinta ne da na Ticha, sannan ta matsa kusa da shi.

"Ɗana, abu ɗaya nake tambaya. Na kawo, ko ban kawo ba?"

"Kin kawo, Mma."

"To, ka faɗa wa masu shagon ina tsaye. Ka kuma faɗa a waya, matan gidanmu su ji."

Moro ya gargaɗe ta cewa shagon ba zai karɓi kular a wannan hali ba, musanya kuma ta tafi ke nan. Ta ce ta tafi lafiya. Na buɗe baki zan kawo wata hujja, ta taka mini ƙafa. Ya kira shagon, wata budurwa ta ce lalle sun gani Mma ta mayar, ta kuma janye maganar farko. Sannan ya tura saƙon murya zuwa wayar Hamdia, da Hausa da Twi, bai rage komai ba, har da kifin.

Ni na rungumo kwalin a trotro. Wanda ke kusa da ni ya sauka tun bai kai inda za shi ba.

Bayan la'asar Mma Zuera ta tara matan gida a bakin famfo, ta sa Hamdia ta kunna saƙon, aka ji, ta ce a sake. Da aka zo wurin shito, wata sai da ta zauna a kan bokiti don dariya. Suka ce gobe in wutar lantarki ta ɗauke, Mma ta aika wa masu wutar da tuwo. Wata ta tambaye ni ko a makarantar mishan ne aka koya mana naɗe kwalba da jarida. Mma Zuera ta fi kowa dariya, har tana share ido da bakin mayafi.

Da aka watse na ce mata ga shi an mayar da mu abin dariyar unguwa. Ta ce dariya ba ta hana a ba mutum ajiya, raɗa ce ke hanawa. Sannan ta turo mini kular da soso da sabulu, ta ce tun da ni na ɗaure, ni zan wanke.