Fom Ɗin Da Na Cike Wa Yayana

A lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da huɗu, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune gaban iyayena a Unguwar Dosa. Ni ce auta, kuma ni kaɗai ce mai laftof a gidan, saboda haka duk wani abu da ya shafi intanet ni ake nema, daga rajistar jarrabawar 'ya'yan maƙwabta har gyaran wayar Umma. Umma takan gaya wa baƙi cewa 'yarta ta san kwamfuta ciki da waje, ni kuwa abin yana shiga kaina. Ban taɓa buɗe baki na ce ban iya ba, ko da kuwa ban iya ɗin ba.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma babban burinsa ya ga ɗaya daga cikinmu ya shiga aikin gwamnati kamar shi. Idonsa ya fi karkata kan Yayana, babbanmu. Yaya yana da digiri, amma koyarwa yake yi a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Abakpa, yana zaune da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗaki guda a bayan gidanmu. Sai wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata, da sharaɗin kada mai nema ya cika shekara talatin kafin ranar rufewa. A watan Yuni za a rufe, shi kuma sai Satumba zai cika talatin. Kowa ya san damarsa ta ƙarshe ke nan. Ya ce zai je kafen intanet a cike masa fom, na ce haba Yaya, ina gidan? Ya miƙo mini takardunsa a ambulan ya tafi makaranta.

Kwana huɗu na yi ina fama da shafin hukumar na intanet. In na ɗora hoton fasfo ya ce ya yi nauyi, in na rage shi ya ce bai fito sosai ba. Na zaɓi jiha, jerin ƙananan hukumomi ya ƙi buɗewa. Akwai wuraren da aka rubuta haruffa uku kawai babu bayani, sai dai ka yi canke. Abin da ya fi ci mini rai, sai na kai shafi na biyar ya watso ni waje, wai lokacina ya ƙare, in koma in faro daga suna. Sau biyu ina hawa Keke Napep zuwa wajen Babbar Kasuwa don a sake yi mini sikanin takardu. Na daina zama wuri ɗaya, daga falo in koma tsakar gida, daga nan in tsaya bakin ƙofa ina ɗaga waya sama ina neman sabis. Kullum Yaya ya dawo sai ya leƙo ya tambayi yaya ake ciki, in ce masa saura kaɗan.

Rana ta huɗu bayan azahar shafin ya saki jiki. An ɗauke wuta tun safe, batirin laftof ya yi ja, sai na shiga cikewa da sauri kamar ana kora ta. Wurin ranar haihuwa 'yan akwatuna ne da ba a rubuta wanne ne na rana wanne ne na wata ba. A ƙarshe an nuno mini duk abin da na cike don in duba, amma ban karanta ko layi ɗaya ba, na danna turawa. Sai da na je aka buga mini takardar shaida na gani. An haifi Yaya huɗu ga Satumba, ni kuwa na mayar da shi tara ga Afrilu. Na ƙara masa wata biyar, wato a wajen kwamfutar hukumar ya riga ya cika talatin.

Abin da ya sa nake rubuto wannan wasiƙa ba kuskuren ba ne, domin kowa zai iya yin sa a irin wannan fom. An ba da mako guda na gyara. Na shiga zan gyara, sai shafin ya ce zai tura lambar sirri zuwa wayar mai nema, wayar kuwa tana aljihun Yaya. Abin da ya rage kawai in same shi in ce na yi kuskure, ya karanto mini lamba shida. Na kasa. Na ce bari sai gobe, gobe ta zo na ce jibi. Na riƙa lallashin kaina cewa ai ba wanda zai lura, kuma ai irin wannan aiki sai mai hanya, ko an gyara ba samu zai yi ba. Na ba shi shafin farko na takardar shaidar mai ɗauke da lambar rajista, na ninke na biyun na tura ƙasan akwatina. Haka makon ya ƙare.

Wata uku aka yi ana jiran sunaye, kuma ban taɓa shiga rashin sukuni irin na lokacin ba. Yaya ya sayo littafin tsofaffin tambayoyi, kullum bayan la'asar yana kan tabarma yana bita, har yakan kira ni in yi masa tambaya. Matarsa takan tare ni a kicin ta ce in ɗan duba ko an fitar, in buɗe waya in duba alhali na san abin da zan gani. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ko sallama aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Umma ta ɗauka zaman banza ne ke damuna, ta riƙa ba ni haƙuri tana cewa nawa aikin ma yana tafe.

Sunaye suka fito babu nasa. Ya ce Allah bai nufa ba, ya rufe littafin. Amma wani abokinsa da suka yi aji ɗaya, ɗan tela ne da bai san kowa ba, an kira shi jarrabawa har ya samu. Ranar da na ji haka, hujjar da nake ɓuya a bayanta ta rushe. Baba kuwa ya kasa haƙura. Mutumin da bai taɓa zuwa roƙon alfarma ba ya sa babbar riga ya tafi wajen wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Ya zauna kan benci tun safe har azahar kafin a duba masa a ce kwamfuta ce ta cire yaron saboda shekaru.

Da ya dawo ko ruwa bai sha ba ya sa aka kira Yaya. Ina kicin ina jin komai. Baba ya tambaye shi ko ba ƙanwarsa ce ta cike fom ɗin ba. Yaya ya ce wai abin da ya karanto mini na rubuta, shi ne ya juya lambobin. Baba ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi wa wani ba, a gaban matarsa, yana cewa mai digiri guda ya kasa faɗin ranar haihuwarsa. Ina tsaye riƙe da ludayi, taku biyar tsakanina da su, ban fito ba.

Bayan kwana uku na ɗauko takardar na bi shi makarantarsu. Na same shi a aji bayan an tashi yana duba littattafan yara. Na ajiye masa ita, na gaya masa komai har da makon gyaran. Ya daɗe yana kallonta. Ashe ya gane kuskuren nawa ne tun ranar da Baba ya dawo, amma bai san na gani na ɓoye ba.

Ya ce, "Auta, kuskuren bai dame ni ba. Amma wata uku kina yi mini tambayoyi ina amsawa, kin san babu inda za ni?"

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya mayar da kansa kan littattafan, amma na ga biron hannunsa ba ya motsi. Da yamma na durƙusa na gaya wa Baba. Ya tashi ya sa takalmi ya nufi ɗakin bayan gida, kuma ranar na fara jin Baba yana ba ɗansa haƙuri.

Yau shekara huɗu ke nan. Yaya yana nan a makarantar, 'ya'yansa sun zama uku. Ni ce na sami aikin gwamnati daga baya, ta irin wannan fom ɗin, kuma shi ya zauna kusa da ni yana karanto mini layi bayan layi kafin ya bar ni in tura. Kowace safiya in na zauna a ofis sai na tuna akwai wanda ya fi ni buƙatar kujerar.

Har yanzu ina ganin masu tsara waɗannan shafuka suna da alhakin mutane da yawa a wuyansu, domin akwati ɗaya marar bayani yana iya tare wa mutum hanyar abincinsa. Amma ni ba shafin ne ya kayar da ni ba, kunyar cewa na yi kuskure ce. Ina roƙon masu karatu, duk wanda aka damƙa wa takardun wani, ya zaunar da mai su a gefensa, ya karanta kafin ya tura, komai gajiyarsa. In kuma ya ga ya ɓata, ya faɗa a ranar, tun ƙofar gyara tana buɗe. Faɗan da nake gudu na minti biyar ne. Shirun da na yi, Yayana ne yake biyansa har yau.