Ciwon Sugan Da Na Ɓoye Daga Rabah Zuwa Boyekai

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokin aikina da direbanmu, da wata kular abinci da mai ɗakina ta cusa a bayan mota da hannunta. Aikina koya wa manoma yadda za su adana albasa kada ta ruɓe, don haka rabin wata a hanya nake yin sa. Kafin tafiyar nan likita ya auna ni ya ce sugana ya hau. Ya ba ni wata guda in gyara cin abincina in riƙa taka ƙasa, in ba haka ba allura ce kullum. Ni kuwa da girmana da furfurata, ba abin da nake tsoro kamar allura. Mai ɗakina ta dafa wake da zogale ta zuba a kular, ta kuma ja direba gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Daga baya na gane ɗan leƙen asiri ta ɗauka.

Abu ɗaya na ƙudurta a raina, ba wanda zai ji ina da ciwo. Ban so a riƙa kallona ana cewa sannu.

Hanyar Rabah ba laifi, sai 'yan ramukan da direba ya san su kamar gidansu. Mun isa hantsi ya ɗaga. Albasa tuli-tuli a bakin hanya, kuɗin da za ka sayi ƙwara biyar a birni nan sai a cika maka leda har ta yage. Ba mu gama gaisawa da shugaban manoma ba sai ga ƙwaryar fura da nono, an dama ta da kauri, sikari kuwa kamar an yi ɓari a ciki. Na ɗaga ludayi na taɓa a leɓe, na ce alhamdulillahi, na tura wa abokin aikina. Shi dama ba a yi masa tayi sau biyu. Ya tashi da ƙwaryar tas, ni kuma na zagaya bayan mota na ci wakena a tsaye kamar ɓarawo. Na bar Rabah ina yaba wa kaina wayo.

Abin da na manta shi ne, a ƙasar nan baƙo ba ya barin abinci a kwano a wuce da maganar. Manoman nan duk sun san juna, kuma kowa da waya a aljihu. Kafin mu kai Magarya, wani ƙauye a ƙasar Wurno, labari ya riga mu: malamin albasa ba ya shan fura. Sai suka ce to, ɗan birni ne, a dafa masa shinkafa. Aka kawo ta tire guda, shinkafar fadamar Wurno mai ƙamshi, mai yana ƙyalli a kanta, ga lemon kwalba uku an jera a gabana. Wallahi raina ya biya. Na yi loma biyu, direba ya yi gyaran murya, na tsame hannu. Abokin aikina ya gyara zama ya nannaɗe hannun riga.

A Wurno muka kwana. Da safe na ce bari in cika umarnin likita, na sa takalmi na fita tafiyar ƙasa. Ban yi nisa ba ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa. Na ce na gode, tafiya nake yi. Ya ce ya gani, ina za ni? Na ce ba ko'ina. Ya dube ni da tausayi ya ce in hau kyauta. Sai da guda huɗu suka tsaya mini. Na biyar mai masaukina ne ya aiko shi, wai an je an gaya masa an ga baƙonsa yana yawo a ƙasa, me mutane za su ce da shi. Haka aka ɗauko ni a babur aka dawo da ni gida, aka ajiye mini shayi mai madara da burodi. Motsa jikina na ranar bai kai na wanda ya je masallacin unguwa ba.

Daga nan muka nufi Goronyo. Ƙasa ta yi kore shar saboda ruwan dam, masunta suna shanya koma, ana soya kifi a bakin titi. Waken kula ya kusa ƙarewa, ragowar ma ta fara tsami. Yunwa nake ji ta gaske, abokin aikina kuwa yana kujerar baya yana gyatsa yana cewa bai taɓa tafiya mai albarka irin wannan ba.

A Boyekai wani dattijo ne shugaban manoma, kuma labarina ya iso masa da ƙari: ba na shan fura, ba na cin shinkafa. Tun da safe ya sa iyalinsa aiki. Masa da zuma, alkaki, funkaso, har da nakiya. Na ga abin na ji kamar in yi kuka. Na gutsiri gefen masa ɗaya na ajiye.

Manoman da suka taru don jin bayanina suka fara duban juna, biyu suka ɗauki takalmansu. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, mi munka yi maka? An ce Rabah ba ka sha hurarsu ba, Magarya ba ka ci shinkahwa tasu ba, yanzu ga mu nan. In ƙyamarmu kaka yi, hwaɗa muna mu sani."

Kunya ta rufe ni. Mutanen nan sun hana kansu sun ba ni, ni kuma ina can ina kare girmana. Ga aikin da ya kawo ni zai lalace, don ba mai sauraren wanda ya ƙi abincinsa. Ga allura kuma tana jirana in na ci. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ciwon suga gare ni. Likita ya hana ni."

Sai ya fashe da dariya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙwayoyin magani ya ɗaga sama. "Wanga shi na abin ɓoyo? Ni ma ina da shi, shekara da shekaru. Da ka hwaɗi tun Rabah, da ba a wahal da mata gari ukku ba."

Nan take aka janye tiren zuwa gaban abokin aikina, aka kawo mini gasasshen kifi da kwaɗon rama. Na ci har na lashe yatsu. Waɗanda suka ɗauki takalma suka dawo suka zauna, muka yi zancen albasa har la'asar. Da muka gama dattijon ya ce shi maganinsa na biyu ƙafa ce, in taso mu je in ga gonarsa, nan kusa take. Kusan nasa ya kai mu har gaɓar gulbin Rima. Yana gaba yana labari, ina baya ina haki, babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya da zai cece ni.

A hanyar dawowa na gane waya ba gaba kaɗai take kai labari ba. A Magarya aka tare motarmu da damin zogale da tafarnuwa. A gidan mai na Wurno wani da ban taɓa gani ba ya leƙo taga ya ce, "Malam, ya jiki? A dai rage sikari." Sirrin da na ɓoye wa abokan ofis ya zama na ƙananan hukumomi uku.

Na iso gida na tarar direba ya riga ya kai wa mai ɗakina rahoto ta waya, har da loma biyun Magarya. Da wata ya cika na koma wurin likita. Ya auna ya ce sugan ya sauka, a jingine maganar allura tukuna, in ci gaba da abin da nake yi. Abin da tafiyar ta koya mini bai wuce wannan ba: mai yawan tafiya ba kula ce za ta tsare masa lafiya ba, bakinsa ne. Yanzu duk garin da na sauka, ina gama sallama nake faɗin ciwona, kuma har yau ban ga wanda ya raina ni ba.

Abokin aikina ne ya raka ni asibitin. Likita ya dubi tumbinsa ya ce tunda ya zo shi ma bari a auna shi. Ranar Litinin za mu sake fita, kuma kula biyu ce a bayan mota.