Wa'azin da Ake Gwadawa Ranar Asabar

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen lawashi, sai in ga tsakar gidanmu na haya a Maiyama. Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka turo babana can daga Zuru ya koyar a firamare. Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a garin, don haka shi ke yi mana wa'azi ranar Lahadi a wani ɗakin kwano da muke kira majami'a.

Ƙaninsa na zaune tare da mu, muna ce masa Baba Ƙarami. Malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin fadamun Aliero da kasuwar Jega, ya dawo da albasa har da ganyenta. Shi kuwa tun da ya gama karatu ya ce bai ƙara yarda da komai ba. In ana addu'ar abinci ido biyu yake, na sani domin ni ma ido ɗaya nake rufewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Asabar. Da hantsi babana zai shimfiɗa tabarma ya karanta wa Baba Ƙarami wa'azin gobe kaf, shi kuma yana tsinke lawashi yana tare shi da tambaya. Wa ya gani? Wa ya rubuta? Babana ya yi dariya, ya gyara, wani wurin ya soke gaba ɗaya. Mai gidan da muke haya, dattijo Musulmi, yakan leƙo ya ce, "Waɗanga mutane! Kullum gardama, amma akushi guda." Ni dai ina gefen turmi, kunnuwana kamar na zomo.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke ƙanina na goye. Asabar ɗin da ta biyo baya babana ya karanta wa'azi kan cewa Allah na jin addu'a. Baba Ƙarami ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Yaya, na ji irin roƙon da ka yi a kan yaron nan. Ina amsar?" Ba tsokana a muryarsa, hawaye yake yi.

Washegari babana ya tsaya gaban jama'a ya maimaita tambayar, ya faɗi wanda ya yi ta, ya ce shi ma ba shi da amsa, amma bai daina roƙo ba.

Dattawan majami'a ba su ji daɗi ba. Suka zo gida suka ce ya zaɓa, ko ƙaninsa ya nemi wani masauki, ko shi ya sauka daga wa'azi. Na san yadda yake son aikin nan, tun Laraba yake fara shiri. Bayan sun tafi na kasa haƙuri, na ce, "Baba, kai ma kana shakka?"

Ya ce, "Ina yi mana, 'yata. Shi ya sa nake son mai tambaya a kusa."

Ya sauka. Ya koma bencin baya kusa da mu yara, bai ƙara hawa ba har muka bar garin. Na tausaya masa ƙwarai, don na ga yadda leɓɓansa ke motsi in wani na wa'azi.

Yanzu gardamar addini ta koma cikin waya, mutum ya zagi wanda bai taɓa cin tuwo da shi ba, ya kashe wayar ya kwanta. Babana ya rasu da bangaskiyarsa. Baba Ƙarami ya tsufa a Jega, yana nan kan bakansa. Kwanaki na je gaishe shi, na tambaye shi ko ya taɓa nadamar abin da ya jawo wa yayansa.

Ya ce, "Na ce masa zan tashi, ya hana ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ban yarda akwai inda ya tafi ba. Amma kin san har yanzu ina tara masa tambayoyi?"