Baffa Isiyaku da Ruwan Cire Tabo

Ina tankaɗen garin masara ranar Laraba da hantsi wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Baffa Isiyaku, yayansa, ya rasu a asibiti a Funtua bayan wata huɗu yana jinyar ƙoda.

Baffa mai wanki da guga ne, yana da shago a Malumfashi. Manyan riguna masu aiki ake kawo masa, irin waɗanda ruwa da sabulu ke ɓatawa. Yana da wani ruwa a jarka, garai-garai, mai ƙamshi da hawa kai. Da shi yake cire tabon manja da maiƙo.

Ni ba na iya magana cikin mutane, amma bai taɓa takura mini ba. Sunan mahaifiyarsu gare ni. In na kai masa abinci sai ya ce, "Ajiye nan, uwata, shirunki ma gaisuwa ce." Ya taɓa goge mini kayan makaranta yana cewa, "Tufar yaro ma tana son kari."

Ruwan nan yana bin iska in an bar shi a buɗe. Saboda haka Baffa kan rufe ƙofa da taga ruf in zai yi aiki da shi. "Kada iska ta sha mini rabi," in ji shi. Yakan fito yana layi, idanu jawur, hannuwansa sun yi fari sun tsattsage. Sai ya ce yunwa ce.

Ranar da muka je dubiya, likita ya tambayi sana'arsa. Ya ce ba zai rantse ba, amma shaƙar irin wannan ruwa shekara da shekaru tana cin ƙoda da hanta. Ina tsaye, na ji da kunnena.

Bayan sadakar bakwai Baba ya karɓi makullin shagon, domin marayu biyar aka bari. Jiya na kai masa tuwo, na tarar da ƙofa a rufe. Na ƙwanƙwasa. Ya leƙo yana dafe da goshi.

"Baba, likita fa ya ce..."

"Likitan ne zai ciyar da su, Ummi? Ja mini ƙofar, ruwan yana bin iska."

Na ja ƙofar.

Bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta. Iyayena 'yan'uwan Baba da za ku karanta wannan, don Allah ku yi masa magana. Ku zai ji.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ciwon nan ya zame masa kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa haƙuri, ya raya marayunsa. Mu kuma, ya Allah, ka bar mana babanmu.