Hannun Malam Maiwada

Kafin ɗalibai su fito karin kumallo, Malam Maiwada ya riga ya zagaye kwalejin da ke bakin garinmu. Ya zuba maganin ruwa a tankuna, ya wanke butocin masallaci, ya cika bokitan wanke hannu na ƙofar ɗakunan kwana. Ma'aikacin asibitin makarantar ne, mutumin garin Ƙarfi. Ɗalibai na kiransa Sarkin Sabulu, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Daminar da amai da gudawa ya shiga makarantar, hukuma ta ware ɗakin killace marasa lafiya, ta kafa doka: duk mai shiga ɗakin ba musabaha, ba cin tuwo kwano ɗaya da kowa, har cutar ta wuce. Dokar daidai ce. Da aka nemi mai shiga, kowa ya sunkuyar da kai, sai shi.

Zainulabidin, wani ɗalibi ɗan Tsiga da ya kwanta a ɗakin, ya gaya mini Malam Maiwada ne ke tallafo kansa yana ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali, yana tsokanarsa wai masara ta kusa nuna, kada ya sake ya bar wa ƙannensa.

Cuta ta wuce, aka janye doka. Mutane ne ba su janye ta ba. In ya miƙa hannu, sai a dafe ƙirji a ce ya ƙoƙari. In an baje kwanon ma'aikata, sai a ɗebar masa nasa daban. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya matso. A hankali ya daina miƙawa. Wannan abu yana ci mini rai.

Malam, kai ne ka taɓa 'ya'yan mutane ranar da iyayensu ma daga taga suke leƙe. Hannun nan da ake ƙyama, shi ya mayar da su gida da ƙafafunsu.

Ranar da aka yi masa walimar ritaya, an yi jawabai, an yaba wa dokokin makaranta, an ba shi agogon bango. Zainulabidin, wanda yanzu malamin firamare ne, ya ratso mutane ya miƙa masa hannu biyu. Malam Maiwada ya tsaya yana kallonsu, ya ɓoye nasa a bayan riga.

"Ɗana, bari in wanke tukuna."

"Baba, haka nake son sa," in ji Zainulabidin.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma ba makarantunmu masu shiga ɗakin da kowa ke gudu. Yanzu Malam Maiwada ya koma Ƙarfi yana noma. Duk wanda ya gamu da shi a kasuwa, ya riga shi miƙa hannu, don shi ba zai fara ba.