Namu Mana

Anti Tambaya kowa ke ce mata a unguwar, har ta kai in an kira ta da sunan yanka sai ta waiga ta ga da wa ake. Shekara goma sha tara ke nan tana bin gida-gida, allon rubutu a hammata, biro a maƙale a ɗankwali. Da wane sabulu kuke wanki? Yara nawa ke kwana cikin gidan sauro? Sau nawa famfo ke kawo ruwa a mako? Wani kamfanin jin ra'ayin jama'a ne ke aikenta, kuma an shaide ta da gaskiya, abin da kunnenta ya ji shi hannunta ke rubutawa. Da wannan yawon ta riƙe ƙanenta bayan rasuwar iyayensu, har ya zama malamin makaranta. Ya tara gemu, ya haifi biyu, amma a bakinta har gobe Auta ne.

Da zaɓen 'yan majalisar ƙasa ya zo, sai aiki ya haɗa su wuri guda. Auta aka ba shugabancin rumfar zaɓe a firamaren unguwa. Ita kuma kamfani ya tsayar da ita a waje, taku hamsin daga ƙofar makarantar, ta riƙa tare duk mutum na goma da ya fito ta ji wa ya zaɓa, tana tura adadin ta waya. Da irin wannan ake yin hasashen wanda zai ci tun kafin a buɗe akwati. Tun da asuba ta tare Auta a ƙofa. Ta ce masa, "Auta, ka kula da kanka, ban son yanayin garin nan." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke ko ranar suna sai kin hango makoki."

Jam'iyyu biyu ne ke kokawa, mai alamar guga da mai alamar allura. Ɗan takarar Guga haifaffen unguwar ne, hotunansa har jikin bayin makaranta. Samarinsa kuwa tun safe suka jawo benci suka zauna daura da ita, shugabansu wani mai jan ido da ake kira Mai Sarƙa. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa kowa ba. Kallo kawai suke yi, kuma wallahi kallon ya isa.

Ƙa'idar aikin ita ce ta miƙa wa mutum takarda, ya juya baya ya yi alama, ya jefa a kwali. To wa zai juya baya a gaban waɗannan? Ai mai ɓoyewa shi ke da abin ɓoyewa. Duk wanda ta tare sai ya ture takardar ya ɗaga murya, "Haba Anti, sai an tambaya? Namu mana!" Tela ya faɗa, mai gyaran babur ya faɗa, matar mai kemis ta faɗa har da tafi. A wannan unguwa kuwa in an ce namu, wa zai kawo wani a ransa ban da ɗan gida? Sai ta riƙa yi wa Guga alama da hannunta.

Wajen azahar lissafin mutum na goma ya faɗo kan tsohuwa mai wankau, maƙwabciyarta. "Namu mana, 'yar nan," in ji ta, da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Amma ta riƙe wa Anti wuyan hannu gam, kuma ta ƙi yarda su haɗa ido. Nan Anti ta sha jinin jikinta. Ba ta gama tunanin ba sai ga inuwar Mai Sarƙa a kan allonta.

"Anti, nawa muka samu?"

An hana su nuna wa kowa, ta sani sarai. Tsoro ne ya karkatar da allon. Mutum arba'in ta tambaya, talatin da shida Guga. Ya washe baki ya koma benci.

Ƙarfe huɗu aka rufe rumfa. Ba a jima ba rediyo ya ce hasashe ya nuna Guga ce kan gaba a ƙasa baki ɗaya. Samari suka hau rawa. A farfajiyar makaranta kuma Auta ya juye akwati kan tebur a gaban jama'a, yana ɗaga ƙuri'a ɗai-ɗai yana faɗa. "Allura. Allura. Guga. Allura. Allura." Rawa ta tsaya. Waɗanda suka sha ihun namu da rana suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Da aka kammala, Allura ta ninka Guga.

"Maguɗi!" in ji Mai Sarƙa. "Malam ya sauya akwati!"

Kan ka ce me, wuri ya yamutse. 'Yan sanda biyu ne kacal, su ma idonsu ya yi tsuru-tsuru. Suka tura Auta cikin aji suka ja ƙofa. Dutse ya fasa taga. Wani ya zo da jarka, warin fetur ya bugi hancin Anti. Ta cikin tagar da ta fashe tana hango Auta rungume da takardar sakamako, leɓensa na motsi.

Mai Sarƙa ya fizgo Anti ya ɗora kan benci. "Ga shaida! Yayarsa ce ma, uwa ɗaya uba ɗaya. Anti, gaya musu abin da mutane suka faɗa miki!"

Anti ta dubi taron. In ta ce lissafinta daidai ne, an ƙona Auta. In ta ce mutane ne suka yi mata ƙarya, tambaya ta gaba ita ce su wane ne, kuma wannan mai jan idon ya ga fuskar duk wanda ta tare. Can bayan taro ta hango tsohuwa mai wankau manne da katanga, hannu a ka.

"Ban tambayi kowa yadda ya kamata ba," in ji Anti. Ta ƙara ɗaga murya. "Gaisawa kawai muke yi. Ni na cike takardun da ka, don in faranta muku. Lissafin Malam shi ne gaskiya, nawa ƙarya ne."

Nan take zagi ya ɓarke. Maƙaryaciya, 'yar damfara, tsohuwar banza. Wani ya fizge allon ya karya a gwiwa, mari ya sauka a kuncinta har kunnenta ya yi ƙara. Amma mai jarka ya ajiye jarkarsa, kuma kafin su gama huce haushi a kanta motar jami'an tsaro ta shigo layin. Kafin magariba maganarta ta zaga waya, kamfani ya aiko mata cewa ta maido rigar aiki.

Auta ne ya kamo ta suka nufi gida, rigarsa duk ɓarɓashin gilas. Sun wuce shagon tela, tela ya sunkuya kan kekensa kamar bai gan su ba. Sai da suka kai ƙofar gida Auta ya tsaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ke kika hana ni satar amsa tun ina aji uku. Don Allah, da gaske ke kika cike?"

Ta dubi layin. Tagogi a buɗe suke, kuma ta san Auta, in ya ji gaskiya gobe sai ya fita wanke ta a gaban kowa.

"Ni na cike," ta ce.

Ya kalle ta, sannan a hankali ya saki hannunta ya shige ciki.