Darasin Magniziyam a Ƙofar Mazugal

Shekarun baya, ina dawowa daga hidimar ƙasa, na nemi aikin koyar da ilimin sinadarai a wata makaranta mai zaman kanta kusa da Ƙofar Mazugal. Mu biyu muka nema, gurbin kuwa ɗaya ne. Mahaifiyata da kanta ta goge mini kaftani, domin tun rasuwar mahaifinmu ni ake sa wa ido a gida.

Aka ce kowa ya yi darasin gwaji a kan ƙonewar ƙarfen magniziyam. Abokin takarata ne ya fara. Ya yi ta zuba Turanci kamar rediyo, ya rubuta Mg + O₂ → MgO₂ a allo, yara suka kwafa ba tare da ɗaga kai ba. Kuskure ne, amma a zatona shugaban makaranta da ke zaune a ajin ya lura.

Da aka zo kaina, na fito da ɗan siririn magniziyam da na adana tun jami'a. Na kankare shi, na riƙe da awartaki, na gargaɗi yara kada su ƙura masa ido, sannan na kunna. Farin haske ya cika aji.

"Innalillahi! Malam, walƙiya ce?" in ji wata ɗaliba.

Na nuna musu farar tokar. Na ce ƙwayoyin zarra na oksijin bibbiyu suke tafiya, kowace kuma magniziyam guda take kamawa, don haka sai an kawo magniziyam biyu. Na rubuta 2Mg + O₂ → 2MgO. Da Hausa na yi bayanin duka, ina jin kaina kamar wani shehi.

Ɗalibar ta ce, "Ashe ba hadda ba ce, ƙirge ne!"

A ofis, mai makarantar, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya ce, "Malam, wallahi ka burge ni. Amma iyaye don Turanci suke kawo 'ya'yansu. In yaro ya koma gida yana cewa ƙwayar zarra, wa zai sake kawo mini nasa?"

Na ce, "Alhaji, abin da wancan ya rubuta ba daidai ba ne."

"Ai littafi zai gyara masa. Allah Ya haɗa ka da rabonka."

Da zan fita na leƙa ajin. An goge nawa daga allo, an bar nasa.

Daga baya na sami aiki a wani wuri, kuma har gobe da Hausa nake fara bayani. Sai dai duk ranar da na bi ta ƙofar makarantar nan, ɗalibar nake tunawa. Ta fahimta sarai, amma na tabbata nasa ta rubuta a jarrabawa.